Akihabara, Unguwar da Ciyawa Ke Nufin Dariya

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Akihabara, a tsakiyar birnin Tokiyo, hasken allunan talla ne zai fara kashe masa ido. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta yi suna ne da sayar da kayan gyaran rediyo. Yau benaye ne maƙil da wasannin kwamfuta da littattafan zane, matasa kuma sun gutsure sunan, Akiba kawai suke cewa. Ran Lahadi da rana akan hana motoci bin babban titinta, sai masu tafiya a ƙasa.

A ganina, bakin matasan ya fi benayen ban sha'awa. A gidajen wasa, waɗanda suke kira "gesen", kalmar da za ta cika maka kunne ita ce "yabai". Asalinta haɗari take nufi. Yanzu kuwa wanda aka lallasa ya ce yabai, wanda ya yi nasara ya ce yabai, abinci ya yi daɗi ma yabai ne. Sai ka dubi fuskar mai magana kafin ka gane inda ya dosa.

Ta ciyawa ta fi ba ni dariya. Da Japananci "warau" shi ne yin dariya, sai masu hira a intanet suka riƙa rubuta harafin w kaɗai. In abin ya kai su ƙyaƙyata, su jera wwww. Da aka lura jerin ya yi kama da tsiron ciyawa, sai aka koma rubuta "kusa", wato ciyawa. Haka 8888 tafi ne, domin sunan lambar, "hachi", ya yi kusa da "pachi", ƙarar tafin hannu.

In an tashi wasa kuma a ce "otsu", guntun "otsukaresama", tamkar sannu da aiki.

Sai dai fa, ƙannena masu kwasar Japananci a fina-finan zane, ku yi hattara. Harshen yana da matakan ladabi, kuma waɗannan kalmomi na tsakanin tsara ne. "Omae" da jaruman fim ke jifan juna da ita "kai" ce ta gatsali; ka faɗa wa malami, ko mai yi maka tambayoyin neman tallafin karatu, ka ɓata rawarka da tsalle. Ko ɗalibin da ya girme ka da aji ɗaya, "senpai", ba a gutsure masa gaisuwa. Cikakkiya ake ba shi: "otsukaresama desu".