Zo mu zauna, zo mu saɓa: haɗa kifi mai faɗa da mai haƙuri a ruwa ɗaya



Duk wanda ya shigo zaurena a Dudunni ya ga akwatin gilashin da nake kiwon kifi a ciki, tambayarsa ba ta wuce biyu. Ta farko, "Malam, yaushe za a ci?" Ta biyu, "To ba sa cinye junansu?" Ta farkon dariya kawai nake yi, don duk kifayen da ke ciki in an tara su ba za su cika ludayin miya ba. Ta biyun ce ke da doguwar amsa, kuma ita na ɗauko wannan makon. Dalili kuwa shi ne matasanmu na Kankia da Kusada sun fara zuba kuɗi a kiwon kifi, wasu a gilashi don ado, mafi yawa a tankin roba ko na tamfol don kasuwa, kuma asarar da ta fi yi musu ciwo ita ce wadda ba ta barin gawa. Ka ƙirga kifinka yau, ka ƙirga bayan wata guda, adadi ya ragu, ruwa kuma tas, babu ko ƙaya.

Mai sayar da kifin ado a Kano zai nuna maka ya ce wannan mai haƙuri ne, wancan mafaɗaci ne. Bai yi ƙarya ba, amma rabin zance ya faɗa. Abin da na gani da idona shi ne, haƙurin kifi yawanci ƙanƙantar baki ce. Duk abin da zai iya shiga bakin kifi, a wurinsa abinci ne, ko da kuwa uwa ɗaya ta haife su.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a tarwaɗa. Ita da rana ba ka ganin wani mugun hali a tare da ita, tana kwance a ƙasa, lokaci lokaci ta taso ta shaƙi iska ta koma, domin Allah ya ba ta wata gaɓa a bayan kai da take shan iskar sarari da ita. Shi ya sa take rayuwa a kududdufin da ya kusa ƙafewa, inda sauran kifaye suka daɗe da mutuwa. Da dare take aikinta, da gashin bakin nan nata take laluben abinci a duhu, kuma bakin nata faɗinsa ya kusa kai faɗin kanta. Matsalar masu kiwo ita ce 'ya'yan tarwaɗa ba sa girma tare. Cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe rana ɗaya, sai 'yan kaɗan su zarce sauran, masu kiwo na kiransu shuta. Da zarar ɗaya ya ninka ɗan uwansa girma, ya daina jiran abincin buhu. Ƙanin wani abokina ya zuba 'ya'ya 500 a tanki ɗaya da kuɗin da ya tara na aikin gona, yana ciyar da su safe da yamma ba fashi. Da aka zo kwashewa ba a samu ko rabi ba, sai wasu 'yan ƙatti da suka yi ɓul-ɓul. Har ya fara zargin yaran unguwa da sata. Ɓarayin suna cikin ruwan, kuma shi ke ciyar da su. Maganin ba tsada gare shi ba, wahala ce kawai: a ware su bisa girma duk bayan kamar mako biyu tun suna ƙanana, manya da manya, ƙanana da ƙanana, kuma kada a bar su da yunwa cikin dare.

Karfasa kuwa nata faɗan daban ne. Ba cin ɗan uwa ne ya dame ta ba, fili take karewa. Namijin yakan haƙa ɗan rami a yashi, ya share shi da baki, launinsa ya ƙara duhu, sai ya tsaya a kai kamar mai gadin gona. Duk wanda ya gifta zai sha kora, ko da ya fi shi girma. Macen kuma takan kwashe ƙwan ta riƙe a bakinta kusan mako biyu ba ta cin komai, har bayan sun ƙyanƙyashe in sun ji tsoro bakin uwar suke komawa. Na kan daɗe ina kallon wannan, ban taɓa gajiya ba. A dam ɗin Zobe na Dutsin-Ma, wanda aka gama a 1983, in namiji ya kori wani, wanda aka kora yana da inda zai nufa. A gilashi mai tsawon kamu biyu babu wajen gudu, kora ɗaya sai ta zama ta yini guda. Za ka ga wanda ake zalunta ya maƙale a kusurwar sama, fiffikensa a yage, ya daina cin abinci, bayan 'yan kwanaki ciwo ya kama shi.

Nan ne dabara ke aiki. Kifi mai kare fili wanda ya gani yake kora, in bai gani ba ya manta. Don haka na cika ƙasan gilashina da tsingaron tsohuwar tukunya, da guntayen fayif na roba, da duwatsun da na wanke sosai, yadda kifi ba zai iya hango wannan ƙarshe daga wancan ba. In kuma zan saka baƙo, sai na sauya wa duwatsun wuri tukuna, kowa ya koma baƙo, a sake rabon unguwa daga farko. Masu kiwon dangin karfasa na Tafkin Malawi, waɗanda ake kira mbuna, suna da wata dabarar da ta fi ba ni mamaki: sukan cika gilashin da kifi da yawa da gangan, don mafaɗacin ya rasa wanda zai sa wa ido. Tana aiki, amma ba ta tamu ba ce. Kifi da yawa yana son matacin ruwa da injin hura iska da ba sa tsayawa, mu kuwa kun san yadda wutar lantarki take a nan. A zafin Afrilu, ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, in injin ya tsaya dare ɗaya sai ka wayi gari suna haki a saman ruwa. Wanda ba shi da sola, ya rage yawan kifi, shi ne sauƙinsa.

Kifayen ƙasashen waje da ake kawo mana su ma haka ne. Jan kifin nan na ado da ake kira golfish, asalinsa daga Sin yake, bai da faɗa, amma ba ya sauri kuma jelarsa doguwa ce, in ka haɗa shi da karfasa za ta yi masa kaca-kaca. Gofi, ɗan ƙaramin nan na Kudancin Amurka mai cin tsutsar sauro, kowa na yi masa shaidar haƙuri, alhali 'ya'yan da ya haifa da kansa yake bi yana haɗiyewa in ba su sami ganyen ɓuya ba. Akwai kuma beta na ƙasar Tailan, wanda maza biyu ba sa zama gilashi ɗaya, ko madubi ka nuna masa sai ya buɗe fiffike zai yaƙi kansa.

Kada a ce ina zagin mai cin nama. Masu kiwon karfasa a tafki sukan sha wahalar yawan haihuwarta, ta cika ruwa da 'ya'ya har babu wanda zai girma ya kai na kasuwa. Sai su zuba tarwaɗa 'yan kaɗan da gangan, ta riƙa rage ƙananan, manyan su sami abinci su yi nauyi. Wato haɗin yana da amfani in mai haɗawa ya san abin da yake nema, ya kuma san zai iya kwashe ruwan ya gyara in lissafi ya ɓaci. Inda ba a iya gyarawa shi ne abin tsoro. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka don a bunƙasa kamun kifi. Ya yi shiru shekaru da dama, sai a shekarun 1980 ya yaɗu, ana ƙiyasin kusan nau'i 200 na ƙananan dangin karfasa da babu su a ko'ina a duniya sai can suka ɓace. Giwan ruwan nan dai shi ne wanda masunta ke alfahari da shi a bikin Argungu. A kogunanmu ya daɗe tare da maƙwabtansa, sun san yadda ake kauce masa. Can kuwa ya tarar da waɗanda ba su taɓa ganin irinsa ba. Saboda haka in kifin ado ya ishe ka, ka ba wani, kada ka kai shi rafi ko dam ka sake.

A gilashina yanzu akwai gofi a sama, da ƙurungu ƙanana guda 2 a ƙasa cikin fayif. Ƙurungu na da ƙayoyi masu kafewa da ke hana a haɗiye shi, kuma in ka kama shi yakan yi ƙara kamar mai gunaguni. Na san da dare yana tsintar 'yan jariran gofi, na kuma bar shi, don in ba haka ba gofin zai fi ƙarfin ruwan. Karfasa tana wata roba daban a tsakar gida. Duk mako nakan zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan in ƙara sabo wanda ya kwana a bokiti.

Da damina yara kan kawo mini abin da suka kamo a kududdufi cikin gwangwani, suna roƙon a saka shi a gilashi. Nakan karɓa, in ajiye shi a bokiti shi kaɗai mako biyu don kada ya shigo da ciwo, sannan in kira su mu duba bakinsa tare. In ɗan tarwaɗa ne, ko da bai kai ɗan yatsa ba, randa ce gidansa.