Manomin da ya yi kwana 40 cikin jirgi a tabkin Cadi

Akwai wani manomi a wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Tasawa. Kamar sauran mutanen garinsu, ya tashi bai san wani ruwa ba sai na rijiya da na tabkin bayan gari, wanda ke cika da marka ya ƙafe kafin ɗari ya fita. Gulbin Kaba kansa suna ne ya rage, rairayi ne da goriba. Amma mutumin nan ya taɓa yin kwana 40 cikin jirgin ruwa. Ciki yake ci, ciki yake kwana. Ga yadda abin ya faru.

Damanar 2011 ba ta yi kyau ba a wurare da yawa na Nijar. Shi ma sau biyu ya yi shibka. Hatsi ya tashi, anka yi noma anka yi maimai, sai ruwa ya ɗauke cikin watan Ogusta, daidai lokacin da hatsi ke son yin ciki. Rumbu ya rigaya ya kai ƙasa. Tiyar hatsi kuwa kowace kasuwa sai ta ƙara kuɗi. Ya duba gona, ya duba yara. Ya ce ma matarsa za shi biɗa. Ta ce: "Maigida, ba a barin gona da hatsi tsaye." Ya ce: "In na jira kaka, kakar kuma ta zo hannu wofi, mi za su ci?" Ta yi shiru. Da safe ta naɗe masa sabuwar tabarmar kaba da ta saƙa. Ya saida akuya, ya bar gona hannun ƙanensa.

Ya ji ana cewa akwai kuɗi ga kifi a tabkin Cadi. Ya shiga mota a Tasawa, ya bi Damagaram, Gure, Maine Sorowa, Difa, har Ngigmi. Tafiyar wajen kilomita 700 ce. Daga nan ya isa Doro Lelewa, babbar kasuwar kifi ta ɓangaren Nijar. Can ya iske Barebari da Buduma da Hausawan Nijar da na Najeriya, har da mutanen Mali. Da naira ake yawancin ciniki. Ya yi kwana uku yana ɗaukar kaya, sannan wani tsohon masunci Bahaushe ya ce yana son mai ƙarfi. Tsohon ya tambaye shi: "Yaro, ka iya ruwa?" Ya ce: "Baba, ban iya ba." Tsoho ya ce: "Tunda ka faɗi gaskiya, shigo. Wanda ya ce ya iya shi ruwa ke ci."

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san wane irin tabki ne wannan. Ƙasa huɗu sunka kewaye shi: Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, wato ya fi rabin jihar Maraɗi duka. Fari na 1973 ya raba shi biyu, kudu da arewa. Cikin shekarun 1980 ɓangaren arewa, inda rabon Nijar yake, ya sha ƙafewa ƙaf, har Ngigmi ta zan nesa da ruwa. Sai wajen ƙarshen shekarun 1990 ruwa ya komo sosai. Kashi 9 cikin 10 na ruwansa kogin Shari ke kawo shi daga kudu. Komadugu Yobe, wadda ke samun ruwa daga kogin Haɗeja da na Jama'are, tana zuba nata kusa da Boso. Da yake ruwan Shari daga nesa yake, ba ya isowa arewa sai wajen Disamba ko Janairu. Abin da ya fara ba manomin mamaki ke nan: tabkin garinsu da damana yake cika, wannan kuwa da ɗari. Ƙarshen damana ruwan ya ja baya, kifi ya taru wuri ɗaya.

Su uku ne cikin jirgin: tsoho, ɗansa, da baƙo. Jirgin na katako ne, tsawonsa kamar taki goma, faɗinsa bai kai mutum ya kwanta a gicciye ba. Ba shi da inji. A tsakiya akwai kasko cike da rairayi, bisansa ake hura wuta a ɗora tukunya. Ga buhun garin masara, ga gishiri da barkono, ga leda ta rufe kaya, ga gidan sauro. Sauran wurin na kayan aiki ne: gura, wato tarkon kifi na sanduna da raga, da mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi ɗaruruwa.

Tafiya iri biyu ce. Inda ruwa ya buɗe, sai a kafa itace a gaban jirgi a ɗaura masa buhunan da anka ɗinke wuri ɗaya. Iska ta cika su, jirgi ya yi ta tafiya ba wanda ya yi zufa. Da damana iskar daga kudu maso yamma take busowa. In hunturu ya shigo sai ta juya. Inda hanya ta matse kuwa, sai a sauke buhunan a ɗauki doguwar sanda, a dogara ta ƙasa a tura. Tabkin ba shi da zurfi, wurare da yawa sandar na taɓa ƙasa. Wannan shi ne aikin baƙo. Kwana biyar na farko hannun da ya saba da hauya ya yi ƙurji, ƙafar da ta saba da tudu ta ƙi tsayawa. Sau biyu yana faɗawa ruwa, ɗan tsoho na jawo shi yana dariya.

Akwai kuma daji cikin ruwan. Lokacin da tabki ya ƙafe, wani baƙon icen ƙaya ya tsiro ya cika wurin. Da ruwa ya komo, itatuwan sunka mutu a tsaye. Suna tare hanya, suna yaga raga. Amma da su ake banda, kuma kifi na ɓuya ƙarƙashinsu.

Da asuba su duba gura da mamari. Tarwaɗa ta fi yawa, sai karfasa da bargi. Da hantsi su tsaya bakin wani tsibiri, su yanka kifin, su jera bisa wuta hayaƙi ya gasa shi ya bushe. Kwana biyu ko uku a wuri, in kamu ya ragu su kwance su yi gaba. Sun bi wajen Gadira, sun bi wajen Karamga, da ƙananan tsibirai da yawa. Wata rana manomin ya hau wani, ya ɗebi ƙasar ya murza. Ya ce: "Baba, ai wannan jigawa ce irin tamu." Haka ne kuwa. Tsibiran tuddan rairayi ne, ruwa ya cika kwaruruwan da ke tsakaninsu.

Da dare sauro ne sarki. Tun kafin rana ta faɗi kowa ya ci tuwonsa da romon kifi ya shiga gidan sauro. Manomin ya shimfiɗa tabarmar kaba bisa katako. Jirgi na rawa, kwaɗi na kuka. Shi kuwa yana lissafi: yau a gida da hatsi ya yi bununi, da yara sun fara gasa tumu.

Tsibiran suna da masu su, Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina. Baƙo ba ya kafa tarko sai ya gaida shugaban wurin ya ba da abin da anka yanka. Makiyaya za su so su ga shanunsu da ake kira kuri: farare, manya, ƙahonsu kauri kamar tulu. In ciyawar tsibiri ta ƙare, makiyayi ya shiga ruwa ya rungumi wani ice marar nauyi, shanu su bi shi da iyo, hanci da ƙaho kaɗai ke waje. Manomin ya tsaya baki buɗe. A wurinsu sunka riƙa musayar kifi da nono.

Cikin watan Satumba, wata rana da la'asar, suna tsakiyar ruwa da bandar kwana shida. Zazzaɓi ya kwantar da tsoho, ɗansa na gyaran mamari. Iska ta tsaya cik. Manomin ya ɗaga kai gabas, ya ga gindin sama ya yi baƙi, ya ji wani sanyi ya taɓa masa wuya. Bai san ruwa ba, amma hadari ya san shi tun yana yaro. Ya ce: "Baba, tashi, wannan ba mai wucewa ba ne." Tsoho ya duba sau ɗaya ya ce: "Ku sauke buhunan!" Sunka sauke, sunka kama sanda da matuƙi, sunka nufi tsibirin da ya fi kusa. Kafin su kai iska ta iso. Igiyar ruwa na faɗowa cikin jirgi, tsoho na kwarfewa da ƙwarya. Da ƙyar sunka shiga bayan tsibirin sunka ɗaure jirgi ga wani kututture. Leda ta tashi, banda ta jiƙe. Daga baya rabinta ya lalace.

Ruwa ya yi ta zuba. Manomin na zaune a jiƙe, sai hawaye. Tsoho ya ce: "Kifin kake ma kuka? Gobe ma akwai wani." Ya ce: "A'a, Baba. Wata guda ina roƙon hadari irin wannan bisa gonata. Yau ga shi ya zo, ina gudunsa." Tsoho ya ce: "Haka take, yaro. Abincin wani gubar wani. Amma idon manomi ne ya fisshe mu yau."

Da kwana 40 sunka cika, sunka komo Doro Lelewa sunka saida banda. ƴan kasuwa na zuba ta cikin kwali su kai Najeriya. Tsoho ya zaunar da shi ya yi lissafi a fili. Ya fid da kuɗin abinci, da na kayan da sunka lalace, da abin da anka ba masu tsibirai, da rabon jirgi. Abin da ya rage ma baƙo ya isa buhu biyu na masara da kuɗin mota. Ba dukiyar da ya ji ana faɗi ba ce. Ya iso gida da zazzaɓi a jiki. Ƙanensa ya yanke hatsi, damman ba su kai rabin na bara ba. Da masarar nan anka haɗa, gidan ya kai bazara ba a saida saniyar da ta rage ba.

Ya so ya koma wata shekara, abin bai yiwu ba. A watan Afirilu na 2015 ƴan Boko Haram sunka kai hari Karamga, mutane da yawa sunka mutu. A watan Mayu hukuma ta ce kowa ya fita daga tsibiran. Dubban mutane sunka fito, da yawa a ƙasa, zuwa Ngigmi da Boso. Anka hana cinikin kifin tabki, sai 2019 anka sake buɗewa. Har yanzu tsibiran ba su samu cikakken kwanciyar hankali ba. Tun daga lokacin bai sake jin labarin tsohon ba.

In samarin garin sunka zo suna tambayarsa hanyar tabki, abu uku yake gaya masu. Su fara tambayar lafiyar wurin ga wanda ya fito can kwanan nan, kada su bi jita-jitar kasuwa. Su yi magana kan rabo tun ƙafarsu na bisa tudu, gaban shaidu. Kada kuma su bar gona sai akwai wanda zai tsaya mata tsakani da Allah.

Tabarmar kaba tana nan, ta yi baƙi da hayaƙi, matarsa na shanya kuɓewa bisanta. Kowace shekara in hadari ya haɗu gabas cikin Satumba, yana fita bakin gona yana murna kamar kowa. Sannan ya ce: "Allah ya kai na cikin jirgi tudu lafiya."