Ka Ce Ni Na Aiko Ka

Da zarar bazara ta kama a Birnin Kebbi, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai randuna su fara fitowa ƙofofin gidaje. A Badariya, a Rafin Atiku, a Makerar Gandu, za ka ga randa an binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, an rufe bakinta da faifai, an ɗaure moɗa da igiya. Ɗan kabu-kabu ya tsaya ya sha, almajiri ya sha, har mai tura kurar ruwa, wanda shi kansa ruwan yake sayarwa, ya sha ya wanke fuska. Ba a rubuta sunan kowa a jikinta ba. Amma idan ka bi diddigi, akwai mutum guda a gidan da randar ke wuyansa. Sau da yawa tsohuwa ce. Ita ke tashin jikanta da asuba ya cika ta, ita ke faɗa idan an bar ta a buɗe, kuma ranar da ta fashe, ita za ta kwance bakin zane ta sayi wata.

Abin da na daɗe ina lura da shi ke nan: kusan kowane mai bayarwa a garuruwan nan yana da ƙofar da zuciyarsa ta fi karkata gare ta. Wani marayu ne nasa. Wani likkafani da haƙar kabari, da an yi rasuwa a unguwa shi ake fara nema. Wata kuwa ba ta da magana sai kayan ɗakin 'yan matan da iyayensu ba su da hali, tana tara kwanuka da zannuwa a ƙarƙashin gado tun ba a sa rana ba. Akwai mai kunu da ƙosai na buɗa-baki a azumi, akwai mai wainar Juma'a, akwai wanda duk shekara fatar layyarsa ta 'yan agaji ce, ba ya bari ta kwana a gida. A cikin manya ma haka ne. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, likitar yara kuma matar tsohon gwamnan jihar Kebbi, ciwon daji ta riƙe, ta kafa gidauniyar Medicaid a kansa, har mata da yawa suka fara jin maganar gwajin mama da na bakin mahaifa ta dalilinta.

Wannan daban yake da zakka. Zakka farilla ce mai ma'auni, kuma manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san lissafinsa: idan amfani ya kai nisabi, kashi 1 cikin 10 ne in ruwan sama ko na gulbi ya shayar da gonar, kashi 1 cikin 20 in da inji da fetur ya yi ban ruwa. Wannan ba ruwansa da son zuciya. Abin da nake magana a kai shi ne wanda ke zuwa bayan an sauke farali, inda mutum ke da zaɓi. A nan ne za ka san tarihinsa ko bai ba ka labari ba. Mai likkafani, in ka matsa da tambaya, za ka ji ya taɓa tsayawa kan gawar wani nasa babu ko yadi ɗaya a gida. Mai marayu shi ma a hannun kawu ya tashi. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, domin taimakon da ya fito daga tabon da mutum ke ɗauke da shi ya fi daɗewa. Mai yinsa ba ya jiran a tuna masa.

Ambaliyar damina ta 2020 ta nuna haka ƙarara. Ruwa ya shanye gonakin shinkafa daga Augie da Argungu har Birnin Kebbi da Bunza da Suru, ya karya gadoji, ya rusa gidajen laka. Hukumomi sun zo da nasu tallafin. Amma wanda ya zauna a fadama ya san cewa abin da ya mayar da mutane da yawa gona a ranin da ya biyo baya shi ne kwanon iri daga maƙwabcin da tasa gonar ta tsira, da aron injin ban ruwa na kwana biyu, da mai kwale-kwalen da ya ƙetarar da iyali bai karɓi ko sisi ba. Duk waɗannan a hannun sanayya suka bi.

Sanayyar nan ce ta kawo ni ga abu na biyu, wanda ba a cika lissafa shi cikin alheri ba, alhali a wurina yana gaba-gaba. Duk mutumin da ke da ƙofar sadakarsa, za ka tarar yana da jerin mutanensa da yake tura jama'a wurinsu. Ka ce masa za ka Argungu sayen kifi, kafin ka rufe baki ya ce, "Kada ka tsaya bakin titi. Ka shiga ciki ka tambayi wane mai banda, ka ce ni na aiko ka." Ka ce shinkafa kake so ta biki, matarsa ta leƙo ta ce, "Akwai wata Inna a bayanmu, tata ba tsakuwa, bari in haɗa ka da yaro." Tela, makaniki, mai gyaran injin ban ruwa, malamin da zai koya wa yara karatu da yamma, kowanne akwai wanda zai ambata, kuma da zafinsa yake ambata, kamar ribar aljihunsa za ta shiga.

Ba za ta shiga ba. Abin da ya bayar sunansa ne, kuma suna ya fi kuɗi wuyar bayarwa. Naira dubu in ta fita ta fita, ba wanda zai dawo maka da ita gobe ya ce ta yi wari. Amma in kifin ya zo da tsutsa, ko telan ya ɓata shadda ana jibi sallah, wurin wanda ya yi aiken za a koma. Shi ya sa dattijo ba ya saurin cewa "je wurin wane". Sai ya gwada mutum shekara da shekaru, ya ga awonsa, ya ga yadda yake yi ranar da ciniki ya ɓaci. Shi kuma wanda aka aiko wa baƙo ya san nauyin da aka ɗora masa. Za ka ga ya miƙe, ya ce, "Alhaji ne ya turo ka? Bismillah, zauna," ya shiga ciki ya fito da wanda ya ɓoye, ya ƙara gyara a kai.

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, aka kuma buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi, shinkafar Kebbi ta samu buhu mai tambari da manyan motocin da ke kai ta Legas. Matar da ke turara samfarera a rabin ganga a tsakar gida, ta shanya a tabarma, ta kai inji a casa, ba ta da tambari. Bakin maƙwabta ne tallarta. Bazawara mai 'ya'ya biyar da ake tura wa masu saye duk mako ba ta buƙatar a kawo mata sadakar Juma'a, kuma ta fi son haka nesa ba kusa ba.

Ko bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, da wannan hanyar baƙi da yawa ke samun makwanci. Masauki ba ya isa, sai a ji ana ta waya: ga abokina nan tafe, ka ba shi ɗaki, ka kai shi bakin gulbin Matan Fada da wuri. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai dai akwai inda abin ke damuna, kuma ba zan ɓoye ba. Hanyar da ke bin sanayya tana tsallake wanda ba shi da mai ambatonsa. A unguwar Gesse a Birnin Kebbi akwai cibiyar da ake yi wa mata masu yoyon fitsari aiki. Yawancinsu daga ƙauyuka masu nisa suke, doguwar naƙuda ce ta same su inda babu asibiti kusa, jaririn ya rasu, lalurar ta biyo baya. Wasu mazan sun sake su, wasu dangin sun ware musu kwano da tabarma. Aikin tiyata yana warkar da mafi yawansu, amma mace takan yi makonni tana jiran aiki da jinya, tana buƙatar sabulu, da zanen canji, da abinci, da kuɗin motar komawa gida, da ɗan jarin da za ta tsaya a kai in ta koma. Cikin duk masu randa da masu waina da masu likkafani da na sani, kaɗan ne ƙwarai suka taɓa taka ƙafa can. Ba rowa ce ta hana su ba. Lalura ce da ake jin kunyar faɗa, don haka ba ta zuwa majalisa, ba ta zuwa ƙofar masallaci, babu mai cewa "ku je wurin wance, ni na aiko ku."

Na san wata malamar Islamiyya da ta sa wurin cikin nata jerin. Duk ƙarshen wata takan bi ɗalibanta matan aure, kowace ta kawo abin da ya sawwaƙa, sabulu ko omo ko tsohon zane mai kyau, su cika buhu su ɗauki Keke Napep. Ba ta tsaya nan ba. Cikin waɗanda suka warke akwai wadda ta zauna a gari tana saƙar tabarma da faifai, kuma yanzu duk mai shirin aurar da 'ya a unguwar, malamar takan ce mata, "Hajiya, kayan saƙa kada ki je kasuwa, akwai wata ƙanwata." Bana har daga Ambursa aka zo neman faifanta.