Ƙetaren Gada

Garin Kaduna taswira biyu gare shi. Ta farko ita ce wadda muka riƙa buɗewa a aji lokacin da nake karatun labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya: gari ne da Turawan mulkin mallaka suka mayar hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun taso daga Zungeru, kogi ya ratsa tsakiyarsa, layin dogo ya bi ta cikinsa. Ta biyu kuwa ba a taɓa buga ta a takarda ba. A zukatan mazauna garin take, kuma baƙo ba ya ganinta sosai sai ranar da ya fita neman ɗakin haya.

Tawa ranar ta zo a damunar 2024, bayan na kammala hidimar ƙasa na sami aiki a wani kamfani da ke Kakuri, kudu da kogi. Abin da ke hannuna bai taka kara ya karya ba: ɗan abin da na tara daga alawus, sai kuɗin tumaki biyu da mahaifiyata ta sayar a Funtuwa ta cika mini. Ga shi masu gidaje kuɗin shekara suke karɓa a dunƙule, dillali na jiran la'adarsa ta kashi goma cikin ɗari, a gefe kuma ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Wanda ya biya ya biya ke nan. In unguwa ta ƙi shi, sai ya haƙura har shekara ta zagayo.

Dillalin farko da aka haɗa ni da shi bai fara tambayata nawa zan iya biya ba. Sunana ya tambaya, da garinmu. Da ya ji, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "To Malam, sai mu nufi Tudun Wada ko Rigasa." Na ce masa ai a Kakuri nake aiki. Ya ce, "Aiki daban, wurin kwana daban."

Maganar tasa tana da tarihi. Rikicin Shari'a na Fabrairun 2000, da rikicin gasar sarauniyar kyau na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen Afrilun 2011, sun ci rayuka masu yawa, suka kuma sake wa garin fasali. Mutane suka kwashe iyalansu, wasu suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka yi musaya. Musulmi suka fi taruwa arewa da kogi, a irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Sarki; Kiristoci kuma suka fi yawa a kudu, a Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi. Da safe gada kan cika da masu tsallakawa neman abinci, da yamma kowa ya koma inda yake ganin zai iya rufe ido.

Ban ɗauki wannan tsoro abin raini ba, don a gidanmu na tashi na same shi. Ƙanen mahaifiyata ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, kuma a 2000 ya iso Funtuwa da matarsa da 'ya'yansa, daga su sai tufafin jikinsu. Saboda haka da Umma ta ce mini a waya, "Ka nemi ɗaki cikin 'yan'uwanka, kada ka kwana ƙetaren gada," na san daga inda maganar ta fito. Na amsa da to, na kuma shiga zagaye da littafin lissafi a aljihu.

Ɗaki mafi arha da na gani yana can ƙarshen Rigasa. Ciki da falo ne, sabon gini, kuɗinsa bai kai rabin abin da ake nema a tsakiyar gari ba. Sai dai arha ba ta ado. Daga can zuwa Kakuri hawa uku ne, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Famfo babu, sai 'yan garuwa. Da na haɗa na mota da na ruwa na wata goma sha biyu, sai na ga rarar da nake murna da ita ta narke, har da ƙari, ban da awa biyu da hanya za ta riƙa ci mini kullum.

Na biyu yana kusa da bakin kogi, wajen Kigo Road. An yi masa sabon fenti, amma a bangon gidan da ke maƙwabtaka da shi na ga layin laka ya kai ƙugun mutum. Wannan sa hannun ambaliya ne, kuma kowane ɗalibin labarin ƙasa ya san kogi ba ya manta hanyarsa. Malali da Unguwar Rimi kuwa, inda ake da faffaɗan tituna da masu gadi, albashina na shekara guda ba zai kama mini ɗaki a mafi yawan gidajensu ba. A wasu gidajen ma ba a kai ga zancen kuɗi ba. Da an ji ba ni da aure sai a ce ba a bai wa tuzuru haya.

Saura bayan gari, inda filaye ke da sauƙi ake ta sababbin gine-gine. A nan na lura tsohuwar taswirar tsoro ta fara tsufa. A Maris 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga kwalejin gandun daji ta Afaka, wajen Mando, arewa da kogi. Gonin Gora, can kudu a bakin hanyar Abuja, ita ma ta sha fama da masu garkuwa da mutane. Wanda ya fito daga daji tsakar dare ba ya tambayar inda kake ibada; nisan gidanka da jama'a yake dubawa, da duhun layinku, da ko akwai mai fitowa in ka yi ihu. Zama cikin 'yan'uwa kariya ce daga haɗarin jiya, amma bai amsa tambayar yau ba.

Daga nan na ɗaura wa kaina ƙa'ida: duk unguwar da ta kwanta mini, sai na je ta sau uku, da sassafe, da bayan an ɗauke ruwan sama, da kuma bayan sallar isha'i. Safiya kan nuna wahalar abin hawa, ruwan sama kan tona asirin magudanai, dare kuma shi ke faɗin gaskiyar tsaro. In ka ga yara na wasa a ƙofar gida, mata na dawowa daga unguwa ba sa waiwaye, teburin mai shayi cike har ƙarfe goma, to ka sami shaidar da dillali ba zai iya ƙirƙira ba.

A wani layi da ke gefen Barnawa, ɗaya daga cikin unguwannin kudu da har yanzu ake zaune a gauraye, ban yi minti goma a tsaye ba wani dattijo ya taso daga benci ya ce, "Samari, wa kake nema?" Tambayar ta yi mini daɗi, don a wuraren da na zaga a baya babu wanda ya kula da tsayuwata. Ashe shi ne mai gidan da aka kwatanta mini, Kirista ne daga kudancin jihar, tsohon ma'aikacin masaƙar Kakuri. Ɗaki ɗaya ne da kewaye, akwai rijiya a tsakar gida, kuma tafiyar hawa ɗaya ce zuwa wurin aikina. Kuɗinsa ya fi na Rigasa, amma ya tsaya daidai inda ƙarfina ya tsaya.

Na tambaye shi kai tsaye, "Baba, in gari ya rikice fa?" Ya yi shiru kafin ya ce, "Ɗana, ba zan yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Abin da na sani, a layin nan mun san juna da suna. Duk wata muna zama, kowane gida na ba da kuɗin sintiri, kuma ko wancan lokacin tare muka tare bakin layi, da mu da su Alhaji."

Umma ba ta yarda a waya ba. Kawu ta turo, shi ɗin da ya gudu a 2000, ya zo ya gani da idonsa. Suka zauna da Baba kan benci tun la'asar har magariba suna lissafa masaƙun da suka rufe da abokan aikin da suka rasu. A hanyarmu ta zuwa tasha Kawu bai ce mini wurin ba shi da haɗari ba. Cewa ya yi, "Mutumin nan ya san maƙwabtansa. Ka biya. Amma ka san hanya biyu ta fita unguwar, kuma kada ka zama baƙo a layin."

Na biya. Har yau duk lokacin da rediyo ya ambaci Kaduna sai wayata ta yi ƙara, in kuma tabbatar wa Umma ina lafiya. Ni ma nakan kasa kunne in zaɓe ya matso. Amma na fahimci cewa ba kuɗin haya kaɗai ke sayen kwanciyar hankali ba, akwai kason da mai haya ke biya da ƙafarsa: gaisuwar safe, zuwa ta'aziyya, halartar taron layi. A taron da ya wuce aka ce ana neman mai rubuta sunayen gidaje da lambobin waya saboda 'yan sintiri, Baba ya nuna ni ya ce ga mai digiri nan. Gida talatin da ɗaya na shiga da littafina, kuma yanzu babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa da dare a tambaye ni ko ni wane ne.