Kalandar Bagazam

Zariyar Nijeriya tana da dutsen Kufena. Zariyar Maraɗi kuwa suna kawai ta aro, ta baro dutsen a can. Wanda ya fita bayan unguwar ya ɗaga kai, ba abin da zai tare masa ido sai gawo da gonakin hatsi, in ya gangara Jiratawa kuma sai fadama da magudanan ruwan noman rani. Tudun da birnin ke taƙama da shi, wanda aka maido gari a kansa bayan ambaliyar 1945, jaki da kaya yakan haye shi bai san ya yi hawa ba. A wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne wani malamin labarin ƙasa ya shafe shekara talatin yana koya wa yara duwatsu.

Kowace shekara, idan aka zo darasin Abzin, yakan zana wani abu mai kama da malafa a allo, ya rubuta adadi a kansa. A shekarunsa na fari sunan Gerebun yake rubutawa, domin shi littattafan lokacin suka ce ya fi kowane dutse tsawo a Nijar. Daga baya awo ya gyara magana: Gerebun mita 1,944 ne, ƙololuwar ƙasar kuwa tana kan Bagazam, ita ce Idukal-n-Tagas mai mita 2,022. Malam ya goge allo ya gyara, amma abin ya tsaya masa a rai. Ɗaruruwan yara sun fita daga hannunsa da kuskure, kuma shi bai yi ƙarya ba, abin da bai gani ba ne ya maimaita. Kusan kowane aji kuma ba ya rasa yaro mai tsaurin ido da zai ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ka taɓa hawa?" Wani ya ƙara, "Akwai dusar ƙanƙara a sama?" Yaran sun san kalmar daga littafin Faransanci, inda shekara ke rabuwa huɗu kuma hunturu fari ne fat. A Hausa kuwa dusa abincin akuya ce, ƙanƙara kuma a leda ake sayar da ita lokacin azumi, saboda haka haɗa su biyun bai taɓa zana musu komai a zuci ba. Malam yakan ce a buɗe shafi na gaba.

Akwai kuma wani dalili da ya girmi allo. Mahaifinsa Bagobiri ne na Tibiri, mai zane a kumatu, kuma cikin masu riƙe da labarin cewa Gobirawa a Abzin suka zauna kafin Abzinawa su matso su kudu: daga duwatsu zuwa Birnin Lalle, daga nan Alƙalawa wadda ta faɗi a 1808, sannan Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tsohon bai taɓa wuce Dakoro ba ta arewa. Sunan Bagazam a bakinsa sunan doki ne tukuna, irin dawakin Abzin da sarakuna ke alfahari da su, kafin ya zama sunan dutse. Abu ɗaya ne ke ɗaure masa kai, yakan kuma maimaita shi duk sadda ɗansa ya je gaisuwa: "An ce akwai ruwa a bisa dutsen, har ana noma. Kai da ka yi boko, ruwa yana hawa sama?"

Tawayen farko ya hana tafiya har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995. Malam ya ƙara shekara uku yana tara kuɗi, sannan ya kama hanya a watan Agusta na 1998, domin lokacin ne malamin makaranta ke da babban hutu. Ya bi ta Damagaram da Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas, ya sami motar kaya mai zuwa Tabelot, garin da ke gindin Bagazam, tafiyar fiye da kilomita ɗari cikin yashi da tsakuwa. A tsakiyar hanya direba ya tsaya gaban wani faffaɗan rafin yashi, ya kashe mota. Sama tas take, ba gajimare ko ɗaya. Malam ya fara ƙorafi irin na mutumin birni, sai ya ji ƙugi daga nesa, kafin ya rufe baki ga jan ruwa ya cika rafin yana tafe da itace da gawar akuya. A kan duwatsu aka yi ruwan, can inda ido bai kai ba. Abin da ke sauka a Agadas a shekara bai kai sulusin na Maraɗi ba, amma dutse ba ya sha, duk abin da ya zuba a kansa sai ya tattara ya aiko ƙasa a lokaci guda. Da ƙoramar Telwa ta fasa shingenta ta rushe unguwannin Agadas a farkon Satumba na 2009, Malam bai yi mamaki ba, ya riga ya ga ƙanwarta. Kwana biyu suka yi a bakin ruwan nan.

A Tabelot aka haɗa shi da wani Ba'abzine mai jakuna, wanda ya ɗan girme shi, mai Hausar Agadas a baki. Mutumin ya saurari buƙatarsa har ƙarshe, ya zuba shayi, sannan ya ce, "Mushe, kai kalandar lakwal ka biyo. Dutsen nan bai shiga lakwal ba."

Daga nan ya jera masa shekarar Bagazam kamar mai karanta wasiƙa. Da damana ruwa yakan wanke ƙasar da ke riƙe da duwatsu, sai ka taka dutsen da ka saba takawa ya juya da kai. Hanya takan tsinke a wurare, kuma mashigin da ake bi shi ne mashigin da ruwa ke bi. Ɗan gari yakan hau don dole, ba ya ɗaukar baƙo. Da kaka mutanen sama sukan fito su gyara abin da ya zube, ciyawa ta yi kore, ruwa na kwance a kwaruruka, sai dai lokacin ne jakuna ke gangarowa da buhunan albasa, kuma a siririyar hanya jaki mai kaya ba ya kauce wa kowa. Da bazara, Afrilu da Mayu, baƙin dutse yakan zama kasko tun hantsi, wanda bai gama hawa kafin rana ta ɗaga ba ya nemi inuwa ya jira la'asar. Saura ɗari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dutse a bushe yake, ƙafa na kamawa, rana ba ta da zafi. "Amma ka zo da bargo biyu," in ji shi, "kuma kada ka zo da gaggawa."

Malam ya koma Maraɗi bai taka ko gindin hanyar ba. Ya ji haushi ƙwarai, kuma haushin na kansa ne, domin abin da mai jakuna ya faɗa masa duk yana cikin darussan da yake bayarwa, bai dai taɓa haɗa su da ƙafarsa ba. Ya san masu hawa Kilimanjaro, mai mita 5,895, suna guje wa ruwan Maris zuwa Mayu. Ya san Tubkal na Maroko, mai mita 4,167, tafiyar ƙafa ce da rani, amma da hunturu sai da ƙarafa masu haƙora a tafin takalmi saboda dusar ƙanƙara. Ya san masu neman Eberes suna zaman makonni suna jiran ƴan kwanakin Mayu da iska ke lafawa. Ya ɗauka irin wannan lissafi na manyan duwatsun ƙetare ne, namu na gida kuwa duk ranar da mutum ya sami hutu sai ya je ya hau.

Shekara takwas ta wuce. Hutun ƙarshen Disamba gajere ne, kwana goma ne da ɗan wani abu, kuma kullum akwai abin da ke cinye shi: suna, gyaran takardun jarrabawa, albashin da bai zo kan lokaci ba. Sai a Disamba na 2006, da ya ga idon mahaifinsa ya rufe kuma ƙafa ta fara ƙin ɗaukarsa, ya ɗaure bargo biyu ya koma. Mai jakunan yana nan, gemu ya yi fari. Ya dube shi ya ce, "Yanzu ka zo."

Sun kama hawa bayan sallar asuba. Hanyar ba ta miƙe ba ko sau ɗaya, tana lanƙwasa tsakanin manyan baƙaƙen duwatsu masu girman ɗaki, wani wuri matakala ce da hannun mutane ya jera, wani wuri kuma sai an dafa. Tun sa'a ta biyu gwiwar Malam ta dama ta fara magana. Mata biyu ɗauke da kaya suka gaishe shi suka wuce, wani yaro mai kiwon awaki ya tsaya a kan dutse yana kallonsa da tausayi. Duk sadda ya tambayi saura nawa, amsa ɗaya ce: "Taka inda jaki ya taka." Wajen azahar hanya ta saki, sai ga shi a kan fili. Nan ne malafar da ya yi shekaru yana zanawa ta ba shi kunya, domin Bagazam ba shi da tsini irin na allo. Faffaɗan tudu ne mai tsawon kimanin kilomita 40 da faɗin 20, da ƙauyuka da masallatai da garake na albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa, ga ruwa yana fitowa daga idanun dutse yana bin ƴan magudanai kamar a Jiratawa.

Da dare ya gane amfanin bargo na biyu. Lissafin ya san shi: duk hawan mita dubu zafi na raguwa da kimanin digiri shida, kuma daga Maraɗi zuwa nan an hau fiye da dubu, ga busasshiyar iskar hamada da ba ta riƙe ɗumin rana. Sanin bai hana haƙoransa kaɗawa ba. A bakin wuta mai jakuna ya ba shi tsohon labarin da ake yi na rundunar Barno da ta kewaye dutsen nan tana jiran yunwa ta sauko da mutane, su kuwa suka cika cikin raƙumi da sauran hatsinsu suka koro shi ƙasa, maharan suka yanka suka gani, suka yanke ƙauna suka tafi. Malam ya ga dama ta samu, ya tambaye shi ko mutanen nan suna tune da Gobirawa. Mutumin ya yi ɗan tunani ya ce, "Gobirawa? Mun san su mana. Suna sayen albasarmu."

Da asuba ya ɗauki buta don alwala, ya karkata ta, ruwa ya ƙi fitowa. Ya girgiza, ya ji ƙaras. A cikin kwanon da aka bari waje kuma ga wani siririn faifai kamar gilashin fitila. Ya ɗago shi da yatsu biyu, ya duba hasken gabas ta cikinsa, kafin ya kira abokin tafiyarsa ya narke ya bar masa sanyi a hannu. Ya tambaya ko farar dusa na saukowa daga sama a nan. Mai jakuna ya ce shi tun tasowarsa bai ga wani farin abu ya faɗo ba sai ƙanƙarar damana mai kashe shuka. Wannan ta cikin kwano kuwa baƙuwar kowane ɗari ce, kuma masu garka ba sa murna da ita, domin takan ƙone ganyen dankali. Ya ɗora butar kusa da garwashi.

Ƙololuwar tana can gefen arewa, zuwa da dawowa kwana biyu ga mai irin tafiyar Malam. Da hantsi iska ta taso, hazo ya rufe ko'ina har ba a ganin ƙauyen da ke gaba. Gwiwa ta kumbura. Sallar layya kuma a shekarar ta faɗo a ƙarshen Disamba, kowannensu yana da rago da iyali suna jira. Malam ya roƙa, ya ce zai ƙara kuɗi. "Mushe," in ji mutumin, "kuɗinka ba ya ɗaukarka in ƙafa ta ƙi. Ka dawo baɗi, ka zo da kwana huɗu na banza a aljihu." An ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, shi ko hangen bai samu ba. Ana iya ganin laifin mai jakuna, tunda mutum ya yi tafiyar kusan kilomita dubu. Amma wanda zai sauko da gurgu a kan jaki ta wannan hanya shi ke da ikon cewa a'a.

Ranar jajibiri ya isa Tibiri da kwalbar ruwa da ƙullin tafarnuwa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na hau. Ruwan yana nan, ga shi." Tsohon ya lalubi kwalbar, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba. Bai tambayi ƙololuwa ba, bai ma san da ita ba. Ya ce, "Sun san mu?" Malam ya ce, "Sun san mu, Baba." Bai ƙara sauran maganar ba.

Baɗin bai zo ba. A Fabrairu na 2007 aka kai hari Iferwan, tawaye na biyu ya tashi, aka binne nakiyoyi a hanyoyin Abzin, ba a sami lafawa ba sai 2009. A Satumba na 2010 aka sace ma'aikata a Arlit, baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Tsohon ya rasu a tsakanin nan. Malam ya ci gaba da darasin Abzin har ya yi ritaya, sai dai ya daina zana malafa, yakan zana teburi mai ɗan ƙullutu a gefe ɗaya, kuma idan yaro ya ɗaga hannu yakan ce, "Na hau, ban kai ƙarshe ba." Ya lura wannan amsa ta fi sa aji yin shiru.

Yau yana zaune a Zariya da sanda a gefen kujera. Idan kaka ta yi, albasar Agadas ta fara shigowa kasuwa, yakan je ya nemi direbobin da suka sauko da ita ya tambaye su yadda damana ta bar hanyar Tabelot, da ko an gyara mahaya, ya dawo ya rubuta a wani tsohon littafi da kwanan wata. A daren da ɗari ya fi tsanani kuma yakan sa jikansa ya ɗora kwanon ruwa a kan katanga. Da asuba ya sa yatsa. Uwargidansa, wadda kwanon nata ne, takan ce daga cikin ɗaki, "Malam, in ka gama a maido mini da shi, zan dama koko."