Zuwa ga Auta, a kan hoton Malam

Hausare, Garwa
Daren Lahadi, tsakiyar hunturu

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da amaryarmu da 'yar baƙuwar da har yau ba mu ɗauka ba. Mu nan lafiya lau, sai hazo. Kwana huɗu ke nan ko duwatsun Tingelin ba a hangowa. Tarin Inna ya taso kamar yadda ya saba, amma tana cin abinci, tana fitowa har zaure da ƙafarta.

Na fito da hoton Malam daga akwati. Na san ka ce a jira. Shekara uku ke nan tun ranar sadakar arba'in da ka tsaya a ƙofar ɗakin Inna ka ce kada kowa ya taɓa, kai za ka aiko da firam mai ruwan zinare daga Yawunde. Ban taɓa shakkar niyyarka ba. Amma gara ta riga ka. Ta ƙasan akwatin ta shiga, ta cinye rasit-rasit ɗin kasuwa, ta kama gefen hoton har ta kai hannun babbar rigarsa. Saura yatsa biyu ta taɓa fuska. A wurin na zauna na yi kuka, kuma ba zan ɓoye maka ba, a cikin kukan har da fushinka.

Akwatin nan fa shi ne muka ɗauka a ka, ni da kai, daren da Binuwai ta yi ambaliya a 2012, kana gaba ina baya, kana ta ce mini in bi a hankali. Abin da muka ƙwato daga ruwa ya kusa salwanta a cikin ɗaki, muna zaune.

Da farko babbar kasuwa na tafi. Na roba ne duk, masu ƙyalli, ƙaramin ciki kuɗinsa ya kai cefanen yini biyu, kuma babu wanda ya yi daidai da girman hoton. Ni kuwa abu bakwai nake so in rataye. Na dawo gida hannu wofi. Ina shiga idona ya faɗa kan reshen darbejiyar nan da iskar farkon damina ta karya bara waccan, wanda Inna ta hana a ƙona. Ya bushe ƙayau. Ka san gara ba ta son icen darbejiya. Washegari ɗana Mai-sunan-Malam ya ɗauka ya kai wa kafintan bakin masallaci, ya tsaga mana shi sanda-sanda, faɗin yatsa biyu, ya goge, ya fitar da ɗan gurbi ta baya inda gilashi zai zauna. Ɗari biyar ya karɓa, ita ma sai da na matsa masa. Ya ce Malam ne ya ɗinka masa kayan angoncinsa.

Sauran aikin a tsakar gida muka yi, bisa tabarma. Duk wahalar a kusurwa take. Sanda huɗu, baki takwas, kowane baki sai an yanke shi a karkace daidai wa daida, in ba haka ba ba su haɗuwa. Kafinta ya nuna mini dabara: ka sami takarda mai murabba'i, ka ninke ta daga kusurwa zuwa kusurwa, wannan ninkin shi ne ma'auninka, shi ne digiri 45 ɗin da ake koya wa yara a makaranta. Ka ɗora a kan sanda, ka ja layi da fensir, ka bi da ƙaramin zarto a hankali. In ka haɗa, kafin gam ya kama, ka ɗauki zare ka auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ka sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. In tsawon ya zo ɗaya, firam ya miƙe. Na farko da na yi bai zo ɗaya ba, na warware na sake. Sai na zagaye shi da robar tsohon tif ɗin babur, na ɗaure tamau, ya kwana a haka. Da safe muka buga 'yan ƙananan ƙusoshi, muka bi da samfefa.

Ka tuna hoton auren Goggo? Wanda ya manne da gilashi a damina, da aka zo cirewa rabin fuskarta ya tafi da gilashin, ta yi shekara ba ta yafe wa kowa ba? Shi na riƙe a raina. Laimar watan Agusta in ta shiga tsakani, hoto da gilashi sai su zama abu guda. Saboda haka na yanka kwali na fitar da taga a tsakiya, na lulluɓe shi da ƙyalle, ya zauna tsakanin su biyu. Yanzu hoton yana numfashi. Ta baya kuma na shimfiɗa farar takarda tukuna kafin kwalin, don kwalin shago yana sa takarda ta yi ja in an daɗe.

Ƙyallen daga buhun Malam na ɗauko. Har yanzu yana nan bayan keken ɗinkinsa, da ƙanshin turarensa. Na zaɓi ragowar farar shaddar da ya ɗinka ta Sallarsa ta ƙarshe. Inna ta gane ta tun daga nesa.

Ban sa wa hoton gam ba, ban sa salatif ba. Salatif ne ya ɓata takardar shaidarka ta firamare, dubi tabon da ya bari, rawaya kamar an ɗiga man ja. 'Yan aljihu huɗu na yi da takarda, na liƙa su da ƙaro a jikin farar takardar, irin ƙaron da Malam ke jefawa a tawada, na zura kusurwoyin hoton a ciki. Duk ranar da aka so cirewa, sai ya fito lafiya. Yaron da ke buga takardu a bakin titi ya ce in kawo ya rufe mini shi cikin leda da na'ura mai zafi, wai ya fi daɗewa. Na ƙi. Abin da ya shiga ledar nan ba ya fitowa, kuma hoton nan guda ɗaya ne a duniya.

Zayyanar saukarka kuwa da kara na yi mata. Kawu ya je kasuwar Pitowa ran Lahadi, ya biya ta gona ya zo mini da dami guda na sille, santala-santala, launin zuma. Na yanka falankin silin daidai girmanta, na ɗora zayyanar da tagarta da gilashi marar kauri, na jera sille uku-uku a kowane gefe, na naɗe kusurwoyin da zaren auduga ja da kore, irin launin da ke cikin zanen. Ina fere karan ina tuna motocin da kake yi mana a zaure, da tayar totuwa da ƙayar aduwa, kana cewa ni ce karen mota. Hannun da ya iya wannan yana ɗan shekara bakwai, Auta, shi ya zauna shekara uku yana jiran kuɗin firam. Zayyanar ce na rataye sama da kowa, inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma da alwala na yi aikinta tun daga fari.

Na-Koton, fostarka ma ta fito. Tana naɗe a ƙasan akwatin, gara ba ta kai gare ta ba. Duk suna nan a jere cikin kore da fari, 'yan ƙwallon Koton na 2008. Mai-sunan-Malam ya tambaye ni labarin, na ba shi: yadda Al Ahly ta ci biyu a Alkahira, aka dawo Rumde Ajiya a watan Nuwamba aka tashi biyu da biyu, kofin Afirka ya wuce ta gabanmu muna kallo, kai kawunsa ka yi kwana biyu ba ka ci tuwo ba sai da Inna ta dama maka kunun gyaɗa ta zauna a kanka. Ya yi dariya har da faɗuwa. Gilashin da zai rufe ta ya yi tsada, ya kuma yi wa bangonmu nauyi. Sai na kifa ta, na shimfiɗa zane a kai, na bi da dutsen guga mai ɗumi kaɗan har ta kwanta. Na matse samanta tsakanin sanda biyu, ƙasanta ma haka, na sa igiya kamar taswirar aji. Koren ya fara komawa shuɗi-shuɗi tun zamanin da take ɗakinka tana kallon taga, don haka na kai ta bangon da rana ba ta taɓawa.

Ƙaramar 'yata ta ga ana yi wa kowa, ta kawo nata zanen: dorina uku a ƙarƙashin gada, ta ce ranar da babanta ya kai su bakin kogi ta gani. Nata kwali ne zalla, na lulluɓe da ragowar atamfar CICAM ta bikinka. Da shi take kwana.

Kawu bai ji daɗin hoton ba. Ya ce zayyana dai to, amma hoton mai rai a bango akwai magana. Ban ja da shi ba, ya fi ni sani. Inna ce ta yanke: ba a zaure ba, ba a gabas ba, a ƙuryar ɗakinta, ta bayan mai salla. Kawu ya yi shiru, ya sha furarsa. Da zai tafi ya leƙa ɗakin, ya daɗe a tsaye.

Kowane firam na liƙa masa murfin kwalba biyu ta baya daga ƙasa, don kada ya jingina da bango gara ta sami hanya. Na kuma zuba busasshen ganyen darbejiya tsakanin kwali da kwali. Na yi wa kaina alkawari duk jajibirin Sallah zan sauke su in duba. Maƙwabta sun fara kawo nasu, wannan hoton Makka, wancan takardar makaranta. Kuɗin gilashi kawai nake karɓa. Duka bakwai ɗin namu ba su kai jaka huɗu ba.

Kada ka ce na hana ka aiko da naka. In ya samu ka aiko, za mu sa hoton 'yar baƙuwa a ciki. Amma kuɗin nan da za ka tara, ka dubi tikitin jirgin ƙasa zuwa Ngawundere tukuna. Kwana ɗaya ne a jirgi, yini ɗaya a mota. Mutanen unguwar Briqueterie nawa ne suka zo suka koma tun rabonka da gida? Kowa ya sauka sai ya kawo mana gaisuwarka, Inna ta amsa, in ya fita ta juya fuska bango.

Ga abin da na bari sai ƙarshe. Bayan hoton akwai rubutu. Daga sama hatimin mai hoto ne da shekara, 1982, shekarar da Ahijo ya sauka daga mulki, Malam bai ma yi aure ba. Ƙarƙashinsa kuwa ajami ne da hannunsa, layi-layi, tawada kala-kala, ashe duk haihuwa sai ya ɗauko ya rubuta. Na ga sunana, daren Juma'a, watan Azumi. Na ga biyun da suka koma. Na ga naka, ranar Alhamis cikin watan Gani. A ƙarƙashin sunanka akwai layi biyu da babu irinsu a na kowa, ruwan 2012 ya ɗan taɓa su. Na gane "Allah", na gane "auta", sauran ya gagare ni. Kai ka zauna gabansa shekara tara, kai ka san yadda yake jan alƙalaminsa.

Kawu ya ce in kawo ya gwada, na ce a'a. Na san kuma za ka ce in ɗauka a waya in turo ta WhatsApp. Ba zan turo ba. Bayan firam ɗin ban buga shi ba, ƙusa huɗu na lanƙwasa kawai, da yatsa ma ana juya su. Yana nan a ƙuryar Inna.

In za ka taho ka zo mata da maganin tarin nan na wancan karon, ya karɓe ta. Ni kuma ka nemo mini abin yankan gilashi, mai 'yar taya a baki. Ka gaida amarya, ka shafa mini kan yarinya.

Addarka