Keken tsere ba jakin kaya ba ne

Keke ba baƙo ba ne ga mutanen Madawa da Buza da Keita. Kowa ya san baƙin keken nan mai nauyi, Raleigh na Ingila ko Phoenix na ƙasar Sin, wanda ake ɗaura ma buhun hatsi ko jarkar ruwa. Amma cikin tsofaffin kekunan da ƴan kasuwa ke kawowa daga Turai akwai wani iri dabam. Siriri ne, kanshi ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. Shi ake ce ma keken tsere, kuma samari na sha'awarshi ƙwarai. Ga abin da wani manomin albasa na fadamar Tarka ya gani da ya fara hawan irinshi.

Mutumen ya sayar da albasarshi ta rani, kuɗi suka shigo hannu. Sai ya ga keken a Madawa. Fari ne, ƙirar Peugeot ta Faransa, da hoton zaki gaba gare shi. Fenti ya koɗe, don keken ya girmi mai sayenshi. Ya ɗaga shi da hannu guda, ya ji kamar ya ɗauki ɗan akuya. Irin wanga keke nauyinshi wajen kilo 10 ne ko 11, baƙin keke kuwa ya kusa kilo 20. Rashin nauyin nan shi ya ja hankalinshi har ya biya.

Ya kamata a san dalilin da ya sa aka ƙera shi haka. A Faransa akwai babban tseren keke da ake kira Tour de France, wanda aka fara a 1903. Ana kwashe mako 3 ana yi, tafiyar ta wuce kilomita 3,000. Wani Bafaranshe, Bernard Thévenet, ya ci shi a 1975 da 1977 bisa keken Peugeot. Ƙasar Burkina Faso ma ta buɗe nata tseren a 1987. Mai tsere ba shi ɗaukar komi sai gorar ruwa. Mota na biye da shi. In ƙafar keke ta sace, nan take a sa mishi wata. Manomi kuwa ba shi da mai bin bayanshi.

Da mutumen ya hau, abu na fari da ya ji shi ne sirdi. Ga shi siriri, ga tauri, ga tsawo. Tilas ya duƙa kamar mai noma kafin hannunshi ya kai ga birki. Rigarshi ta nemi shiga sarƙa, sai da ya naɗe ta ya ɗaure a ƙugu. Ya hau kwaltar da ta nufi Galmi da Ƙonni. Taki uku ya yi, keken ya zabura. Ba ƙara, ba nauyi, sai iska cikin kunne. Ya wuce amalanke, ya wuce masu baƙin keke, yara na ta ihu. Tunda yake bai taɓa gudu irin wanga da ƙarfin ƙafarshi ba. Daɗi ya kama shi har shina dariya shi kaɗai.

Nan ya koyi aikin giya. Faifai 2 ne masu haƙora a gaba, 5 a baya, wato giya 10 ke nan. Ana canza su da wasu ƴan ƙarafa biyu da ke jikin keken, ƙasa da kai. Sai mutum ya saki hannu guda kafin ya kai gare su. Kuma ba a canzawa sai ana cikin taka feda, in ba haka ba sarƙa ta zame.

Da ya sauka daga kwalta ya kama hanyar garinsu, sai labari ya sake. Faɗin tayar keken tsere bai wuce santimita 2 da rabi ba, na baƙin keke kuwa ya kusa 4. Tayar ta nutse cikin rairayi kamar wuƙa, kan keken ya yi ta waige. Ya sauka ya tura har ƙofar gida.

Kashegari ya gwada hanyar Buza, mai tudu da duwatsu. Nan ya ga alheri, ya ga wuya. Alherin shi ne hawan tudu. Ya sa ƙaramar giya, ya haye inda ya saba sauka shina turi. Wuyar kuwa, tayar cike take da iska tam, ba ta da laushi. Kowane dutse ta taka sai ya ji shi a hannu da wuya da gadon baya. Bai yi nisa ba ƙayar tsidau ta huda ƙafar gaba. Mai faci na bakin hanya ya liƙe hujin, amma famfonshi ya ƙi kama bakin robar, don na keken tsere siriri ne. Sai da suka yi dabara da guntuwar roba kafin iska ta shiga. Mai facin ya ce: "Malam, in tayar ga ta mutu, ba ka samunta ƙauye. Sai ka nema birni."

Babbar magana tana gida. Keken ba shi da wurin ɗaura kaya ko kaɗan. Uwargidanshi ta zagaya shi, ta ce: "Maigida, ina buhu zai zauna? In yaro ba shi da lafiya, ina za a aza shi a kai likita?" Tsohonshi ya duba, ya ce: "Ɗana, dokin sukuwa ka sawo, gida kuwa jaki yake so." Ya ce: "Gaskiya ne, Baba."

Allah ya taimake shi bai sayar da tsohon kekenshi ba. Sai ya raba musu aiki. Baƙin keke shi ke kai taki fadama, shi ke ɗauko hatsi. Farin kuwa na aike ne: sayen magani, kai saƙo, jin kuɗin albasa a kasuwar da ke bakin kwalta. Da ya sayar da wancan don ya sayi wanga, da kuɗin rani guda sun tafi ga abin da ba shi ɗaukar ko tiya ɗaya.

To, jama'a, wanda ya ga irin keken nan ranshi ya biya, ya fara tambayar kanshi abu biyu. Wace hanya nike bi kullum? Wane kaya nike ɗauka? Mai zama bakin kwalta, ɗan makaranta ko ɗan aike, zai ji daɗinshi. Mutumen tuddan Keita ko rairayin Tarka, mai keke guda tak, gara ya riƙe mai faɗin taya.

In kuwa an ƙudurta saye, a duba mahaɗan ƙarfe, kada a sami tsaga ko tsatsa. A juya ƙafafu a ga ko sun karkace. A gwada birkin gaba da na baya. A hau a canza giya duka. A tambayi mai gyara ko ana samun tayarshi kusa, ko kuma mai faɗi za ta shiga. Kada a bar wurin sai da famfon da ya dace da shi.

Keken tsere ba shi da laifi, aikin da aka yi shi dominshi ya iya. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.